Lamba a Tafin Ƙafar Khiem

Ranar da masu gyara suka iso daga birnin Hue don kwance tsohuwar gadar katako mai rufi ta ƙauyen, tsoho Khiem yana kan bencinta yana sharar barcin rana, kamar yadda ya saba tun yana ango. Ma'aikatan suna bin kowane katako suna sa masa lamba da alli, don a mayar da shi gurbinsa. Da suka zo kansa, shugabarsu ta zaro tsofaffin hotunan gadar. Babu hoton da ba ya ciki, kwance, baki buɗe. Shi ke nan, aka zana masa lamba a tafin ƙafa, aka ɗauke shi da bencin sai rumfar ajiya.

Khiem ko a jikinsa. Ga inuwa, ga shinkafa da kifi, kullum ana kaɗe masa ƙura. Abin da ya hana shi sakat shi ne dokar aikin: duk abin da ya ruɓe, sabo za a sa a wurinsa. Ga kuma ɗan ƙanensa, uban 'yan lalaci, ya fara zagaya rumfar yana gwajin hamma.

Ranar tantancewa kafinta Thuan ya zo da 'yar gudumarsa. Khiem ya haɗiye tari, ya ƙame ƙam. Thuan ya ƙwanƙwasa gwiwa, ya kasa kunne, ya ƙwanƙwasa ƙirji.

"Kawu, akwai gara kaɗan," in ji shi, "amma za ka yi."

Bencin ne ya faɗi gwajin. Murna ta hana Khiem jin wannan.

Aka gama aiki, aka yi biki, ga turaren tsinke ga ganguna, aka kwantar da shi daidai lambarsa. Sabon benci sumul, sai ƙamshin fenti. Ya miƙa hannu wajen kansa, inda zaman matarsa Lua ya yi wa tsohon katakon ɗan kwarmi, shekara da shekaru tana masa fifita kafin ta rasu. Babu kwarmin. Ya shafa, ya sake shafawa.

Sai ya tashi zaune, abin da babu a hoto ko ɗaya. Shugabar ta rugo tana roƙonsa ya kwanta, manyan baƙi na kallo.

"'Yata," ya ce, "akwai wadda ba ku sa wa lamba ba."

Ya sauka ya nufi gida ba takalmi, allin yana gogewa a hanya.