Kwaɗin da Aka Hana Taɓawa

Abokin aikina Do-gyeong ne ya ƙirƙiro wa kamfaninmu wasan yara, ni na zana hotunan. Tafki ne a allon kwamfuta: kwaɗi, sauro, ciyawa, kifi. Yaro ya cire abin da ya ga dama, ya ga abin da zai biyo baya. Babu maki, babu na ɗaya. A Koriyar nan tamu kuwa, wannan kamar ka ce za ka dafa shinkafa ba ruwa ne.

Shugaban sashenmu, Pyo, wanda ko murmushi sai ya nemi izinin na sama, ya ce, "A gwada da yara. In ya ja hankalinsu, a bar shi haka. In ba haka ba, a zuba maki."

Muka gayyato 'yan firamare. To, wa zai kira yara ya bar iyayensu mata? Muka jera musu kujeru a baya, kamar ranar da iyaye ke zuwa kallon darasi, har da shayin sha'ir. Nan muka kashe kanmu.

Yaran suka zauna ƙyam, hannu a cinya. Wata yarinya ta ce, "Malam, wanne ne daidai?"

"Babu daidai, 'yata," in ji Do-gyeong. "Taɓa kawai."

Ta waiwaya ta dubi uwarta, ba ta taɓa ba.

Can wani mai suna Seung-u ya kwashe kwaɗin kaf. Sauro ya rufe allon baƙi ƙirin. Yaron ya ƙyalƙyale da dariya. "Kai! Ashe su ke cinye su!" Na ga idon Do-gyeong ya kawo ruwa. Maganar da yake jira ke nan tun da ya fara aikin.

"Seung-u!" in ji uwarsa, ƙasa-ƙasa. "Ka ɓata musu abu. Kowa na kallonmu."

Yaron ya miƙe ya sunkuya. "A yi haƙuri, Malam."

Do-gyeong ya ce, "Ba ka ɓata ba! Kai kaɗai ne ma…"

"Ya isa," Pyo ya katse shi. "Ka kunyata uwar mutane a ofishinmu."

Washegari aka ce a zuba maki, duk yaron da ya taɓa kwaɗo kuma jar alamar kuskure ta fito masa. Do-gyeong ya sunkuya ya ce wa Pyo, "Na gode da gyara, ranka ya daɗe," don abin da ake cewa ke nan.

Iyaye sun so wasan ƙwarai. Yara na cin ɗari bisa ɗari, kuma ba wanda ya san abin da kwaɗo ke ci.