Muryar da Ke Cikin Ƙunshi

Wayar Injiniya ta yi ƙara da muryar mace ana tsakiyar taro. "Baban yara, ka manta ko? Maganina."

Kowa ya sunkuyar da kai. Manaja ya ajiye alƙalami.

"Malam Injiniya, yau ma?"

Injiniya ya danna, muryar ta yi shiru. Shi ya rubuta manhajar da hannunsa lokacin da matarsa ke jinya. Don ya nuna gwaninta, ya haɗa sunanta da lokutan maganinta da muryarta a ƙunshi guda, ya rufe, ya adana a cikin wayar yadda ko an kashe ta ba za su ɓace ba. Ya kuma sa ta riƙa ƙara ko wayar na kan shiru, saboda matar ta san halinsa. Maɓallin gogewa ne kawai bai yi ba. Wa ke tunanin gogewa a lokacin?

Bayan taro, abokin aikinsa Dogo ya jawo kujera.

"Kai da kake gyara wa duniya, taka ta gagare ka? Ɗora sabuwar siga mana, ka cire lokutan, ka bar muryar."

"Makullin sa hannun da na rufe manhajar da shi yana cikin tsohuwar kwamfutata."

"To ina take?"

"Ka tambayi wanda ya ɗauke ta ranar zaman makoki."

Dogo ma ya sani: in ba makullin nan, sabuwar siga ba za ta hau kan tsohuwa ba sai an cire tsohuwar, ita kuwa in ta tafi, da ƙunshin za ta tafi.

Manaja ya leƙo. Mutum ne mai tausayi, gwargwadon abin da dokar ofis ta yarda.

"Ba ina ƙin marigayiya ba ne, Allah ya jiƙanta. Amma baƙi na tsorata. Ko ka goge, ko wayar ta daina shigo mana nan."

Washegari Injiniya ya miƙa wa maigadi wayar a bakin ƙofa, ya hau sama ya zauna gaban allonsa. Ofis ya yi tsit, yadda ake so.

Da azahar maigadi ya hawo yana haki, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Ranka ya daɗe, uwargida ce. Ta ce ka manta maganinta."

Injiniya bai ɗago kai ba.

"Ka ce mata ina zuwa."