Hannun da Ke Cikin Fiffike

Buga ribit, ƙusar da ake haɗa jikin jirgin sama da ita, aikin mutum biyu ne. Ɗaya yana waje da bindigar iska, ɗaya ya zura hannu cikin fiffiken jirgi ya tokare gindin ƙusar da dunƙulen ƙarfe har ya baje ya kama alminiyam. Na waje ba ya ganin abin da ya faru a ciki, sai abin da aka faɗa masa.

Injiniya, kamar yadda 'yan layinsu suke kiransa tun da ya fara haɗa ƙaramin jirgin sama a garejinsa, shi ne na waje. Matarsa ce ta ciki, don hannunta ne kaɗai yake shiga ƴar kafar da aka bari a ƙarƙashin fiffiken. Saboda ƙarar kwamfuresa, injin da ke tura wa bindigar iska, da ƙwanƙwasa suke magana: biyu, ya yi, uku, ya karkace, a cire.

Fiffiken hagu sun gama sun rufe shi. Na dama ne ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Tun da suka kai kan ƙashin bayansa, sandar da take ɗaukar nauyin jirgi a sama, ƙwanƙwasa uku ta yawaita. Cire ribit kuwa ba wasa ba ne: a huda kansa, a ɓalle, a tura gindin ciki. Duk cirewa ramin yana ƙara faɗi. In ya wuce ƙima, sandar ta tashi aiki.

Ya zargi bindigar, ya rage iska, ya ƙara. Ya zargi hannunsa. Har tabarau ya je aka canza masa.

Rannan da hantsi ta sake ƙwanƙwasa uku, sai wayarta ta yi ƙara, ta zare hannu ta fita amsawa. Bai jira ta ba. Ya huda, ya tura. Gindin da ta saba tarewa a tafin hannu ya gangara ta bakin fiffiken ya faɗo gaban takalminsa.

Ya ɗauka. A baje yake sumul, zagayayye, babu tsaga, babu karkata. Ya ɗora ma'auni: daidai. Ya jawo gwangwanin madarar da take zuba guntayen da aka cire a ciki, ya zazzage a kan tebur ya jera su. Masu aibi ba su cika cokali ba.

Ta dawo tana cewa, "Ƴarka ce, tana gaishe ka, wai yaushe za ka kai ta gidan miji ta sama?" Sai idonta ya sauka kan teburin.

Ya kashe kwamfuresa.

"Maman yara, wanne ne ya karkace a nan? Nuna min, idona ba ya gani sosai."

Ta zauna kan benci, ta cire safar hannu. "Ba sai na nuna ba."

"Kin bar ni na je likitan ido."

"Tabarau ɗin ya yi maka kyau."

"Da kin ce min ba kya so."

"Na faɗa, Injiniya. Ka ce in riƙe ƙarfe da kyau." Ta dubi jirgin. "Da hannuna zan gama abin da zai ɗauke ka, in tsaya a ƙasa ina ɗaga kai? Nan dai ina ganinka."

Ya shafa layin ramukan da suka faɗaɗa. Sandar za ta iya tsira, da ƙyar. Amma idonsa ya riga ya koma kan fiffiken hagu da ke rataye a bango, rufaffe, yana ƙyalli.

"Waɗanda kika ce sun yi fa?"

"Haba! Waɗannan sun yi. Wallahi ko ɗaya marar kyau ban bari ba. Ni zan kashe ka?"

Ya san mai yiwuwa gaskiya ta faɗa. Amma ba shi da wata shaida a kan ɗaruruwan ƙusoshin nan sai bakinta.

"Kama min can," ya ce.

Suka sauko da fiffiken hagun kan tebur. Ya ɗauko abin huda, ya ɗora a kan ribit na farko.

"Baban yara, aikin shekara guda ne fa."

"Matsa, kina tare min haske."