Ranar da Suga ya je neman takardar ɗan ƙasa

Wani mafarki na yi jiya, har yanzu dariyarsa ba ta sake ni ba. Wai ina teburin shayina da rana tsaka, sai ga Suga ya fito daga gwangwani, fari fat, ya sa kwat. Ya ce, "Malam Tanimu, an ce ni Bature ne, yau za a kore ni daga Hausa in ban kawo asalina ba."

Mai shayi ba suga ai ya tashi daga aiki. Na ce mu je.

Ofishin ba da takardar ɗan ƙasa a kan bishiyar kuka yake, ruwan sama yana tashi daga ƙasa, don haka muka riƙe lema ta ƙasa. Wata akuya mai tabarau ce shugaba. Tana taunar fayil ta ce, "Kirawo iyayenka."

Suga ya yi fito. Ubansa Bafaranshe ya shigo, wai shi Sukur. Bayansa uban Sukur, wani Balarabe, Sukkar, yana ganina ya ce, "Kai, ba ka gane ni ba? Ɗana Sukari ya riga wannan zuwa garinku, a raƙumi ya zo." Sai Bafarishe, Shakar. Can ƙarshe aka turo wani tsoho tukuf daga Indiya a cikin baro.

"Sunana Sharkara," in ji shi. "A garinmu ma'anarsa tsakuwa ke nan."

Wallahi dariya ta kama ni har na zauna a ƙasa. Ashe shekara ashirin jikan tsakuwa nake zuba wa mutane, suna cewa in ƙara.

Akuya ta buga wa Suga hatimin ɗan ƙasa a goshi. Na miƙe zan tafi, ta ce, "Dakata. Kai fa, ɗan waye?"

"Ɗan Barau."

"Shi kuma?"

"Ɗan Jatau."

"Shi kuma?"

Na buɗe baki, ba kowa a ciki. Kunya ta rufe ni. Suga ya raɗa min, "In ara maka ɗaya? Ina da su da yawa."

Akuya ta ɗaga hatimin kora, sai injin markaɗen maƙwabta ya tashe ni. Ko wuta ban hura ba na nufi gidan Goggo Ladi, ƙanwar babana. Ita kaɗai ta rage da ta san sunan uban Jatau, ga shi ta fara mantuwa.