Jan Zare a Hannun Gatis

Ni na koya wa ƙanena Gatis tuƙi a hannun hagu, lokacin da ya baro Latbiya ya same ni ina aiki a wata mayankar shanu a Ireland. Kansa da tauri. Duk kwanar da muka sha, sai ya koma dama kamar yadda ya saba a gida.

"Hagu, kai! Kashe mu za ka yi?"

"Haba Yaya, su ne suka juya hanyarsu, ni ina ruwana?"

Da na gaji, na ɗaura masa jan zare a wuyan hannun hagu, na ce duk inda zaren yake, can ne gefensa. Na yi ta zaginsa har abin ya zauna masa. Shekaru suka shuɗe, zaren ya tsinke, bai ƙara kuskure ba.

Da babanmu ya rasu muka koma gida Latbiya, inda ake tuƙi a dama. Bayan an binne shi, Gatis ya ɗauki tsohuwar motar Baba zai je ɗauko gwaggonmu. Hanyar dajin ba kowa, babu wata mota a gaba da za ta tuna masa inda yake. A can ya yi karo da babbar motar katako.

Direbanta ya zo mana gaisuwar rasuwar Gatis. Ya ce ya yi ta danna hon, amma har suka haɗu Gatis yana ɗaga masa hannu cikin fushi, wai ya koma gefensa.