Wasiƙar Dawo da Fada

"Rubuta," in ji Bishop, yana goge tabarau da bakin rigarsa. "Ɗana cikin Almasihu, lokaci ya yi da za ka dawo gida. Maganar nan ta mutu."

Yatsun Sakatariya suka tsaya cak a kan keken buga takardu.

Shekara tara ke nan tana buga wasiƙun Bishop zuwa ga wannan Fada, limamin cocinsu da ke ƙasar waje. Ita ta buga ta farko, wadda ta ce an tura shi ƙaro karatu. Kwana uku kafin nan ƙanwarta, 'yar shekara sha shida, ta durƙusa a wannan ofis da cikin wata huɗu, ta ambaci sunan Fadan. Bishop ya ce a rufa wa coci asiri. Da suka koma gida, Sakatariya da bakinta ta ce, "Ki yi shiru, auta. Da aikin nan muke ci."

Auta ta yi shiru. Wajen haihuwa ta rasu, ta bar 'ya mace. Har yau in Sakatariya za ta kai takarda teburin Bishop, sai ta kewaye gurbin da yarinyar ta durƙusa.

"Kin tsaya, 'yata."

"Ranka ya daɗe, ina za a sa shi?"

"Makarantarmu ta firamare ba ta da mai kula."

"'Yar marigayiya tana aji uku a can."

Bishop ya juya yana kallon taga.

"Kina tsammanin ni ba na ganinta? Ko ina kan bagadin coci fuskar marigayiya ba ta barina. Amma ya ce ya tuba, ga shi ba mu da isassun limamai. Ci gaba."

Ta ci gaba. Ba ta yi kuskuren ko harafi ɗaya ba.

* * *

A gidan waya ta bar mutum biyar suka wuce ta a layi. Ta yi tunanin yaga ambulan ɗin. To, gobe fa? Zai sake cewa ta rubuta, ko ya nemo wata. Da ma'aikacin ya miƙo hannu, ta ba shi.

* * *

Bayan wata biyu, ranar wata Asabar da hantsi, tana zaune a tsakar gida tana tsefe kan 'yar marigayiya da take riƙo.

"Mama, gobe sabon Fada zai zo. Malama ta ce ni zan miƙa masa furanni."

Matajin ya tsaya.

"Me ya sa sai ke?"

"Wai na fi kowa fara'a. Mama, shi mutumin kirki ne?"

Sakatariya ta dangwalo man kitso, ta raba gashin gida biyu.

"Sunkuyar da kanki," ta ce.

"Ki yi mini mai kyau, Mama. Ina so ya gan ni."