Mazaunin Fitilar Kaka

Mazaunin fitila biyu na tagulla kakarsu ta bar musu, iri ɗaya sak. Kullum Atika cikin dirzar nata take da toka da lemun tsami. Ƙanwarta Wasila kuwa ta yar da nata bayan ɗaki har ya yi kore.

Da dillalin kayan tarihi ya zo daga Ƙofar Rini, gaban na Wasila ya durƙusa yana shafa shi kamar jariri. Na Atika ko ɗagawa bai yi ba.

Ya ce wa Atika, "Hajiya, wanga kin kankare mai tsuhwa, ita ko muka saye."

Wasila har da guɗa, ƙazamar banza! Yana fita Atika ta binne nata a bakin rariya. Kullum sai ta tono ta duba ko ya fara kore.